Shekarar da Babanku Ya Rame

Akwai magana biyu da kuka taso kuna ji game da gidanmu, kuma tun da Allah ya ja kwanana har na ga jikoki, gara in gyara su da bakina kafin wani ya gyara mini. Ta farko, wai babanku Isuhu ya rame a shekarar fari ne saboda tsabar gaskiya, yana jigilar hatsin gwamnati bai taɓa cin ko ƙwaya ba. Ta biyu, wai ni uwarku Rabi, ni na kai ƙararsa wurin soja har aka raba shi da motarsa. Ta farkon rabinta gaskiya ne, don babanku bai taɓa sata ba, amma ba gaskiyar ce ta ramar da shi ba. Ta biyun kuwa haka aka yi, na kai shi, kuma da za a maido ni wannan rana da na sake ɗaura kallabina na koma. Ku dai ku saurara, ku bar wayoyin nan na hannunku su huta.

Lokacin muna zaune a Gudel, wata unguwa ta Yamai a bakin kogi, a gidan ƙasa mai ɗaki biyu, mun ɗan jima da barowa Tawa. Fari ya dawo karo na biyu. Kogin ya ja baya har masu lambu suka riƙa bin ruwa da ƙafa zuwa tsakiyarsa, mutanen ƙauye kuma suka cika bayan gari da 'yan bukkokinsu. Soja ke mulki, kuma duk abin da za ka yi musu suna iya ɗauke kai, ban da wasa da hatsi. Babanku shofer ne, wato direba, a ofishin rabon abinci, yana jan wata babbar kamiyo, motar ɗaukar kaya, da ya raɗa wa suna Gimbiya. Ina gaya muku, in ya dawo daga tafiya sai ya wanke ta kafin ya wanke kansa. Ni ban taɓa jin haushi ba, don ita ke kawo mana tuwo.

Abin da ba za ku gane ba, ku 'yan yanzu, shi ne a zamanin nan ƙiba abin tsoro ce. Duk mai aikin hatsi da aka ga kumatunsa sun fara cika, sai a fara bin bayansa. Mai kula da direbobin wani soja ne mai muƙamin ajidan, dogo, Badamagare, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Kowace safiya yakan jera su a gaban sito, ba fuska yake dubawa ba, ciki yake dubawa. Babanku kuwa tun asali mai jiki ne, wuyansa kamar turmi, saboda haka kullum da fargaba yake zuwa aiki alhali bai ɗauki komai ba. To sai ga shi cikin 'yan watanni ya fara zubewa. Wuyan ya tafi, tumbin ya tafi, ya ɗauki ƙusa yana ƙara huji a ɗamarar wandonsa. Wata safiya Ajidan ya fito da shi gaban jama'a ya ce kowa ya dubi Isuhu, haka mai amana yake a shekarar yunwa. Ranar nan babanku ya shigo gida yana taku ɗaiɗai, ya ba ni labarin sau uku kafin in sauke tukunya. Ni ma kaina ya kumbura, kada in yi muku ƙarya. Washegari har kasuwa na je ba don sayen komai ba, don dai a tare ni a yi mini barka.

Amma ni ke tuƙa masa tuwo, na san mutumin nan ba yunwa yake ji ba. Malmala uku yake tashi da ita, ya ce ko da saura. Kuma ga ƙishirwa wadda ba ta da iyaka.

Asalin abin daga hanya ne. Rijiyoyin ƙauye sun ƙafe, abin da ya rage laka ne, wani abokin aikinsa ya sha ya kwanta da zawo har aka fid da rai. Tun daga nan babanku ya rantse ba zai ƙara shan ruwan rijiya a hanya ba. Sai ya koma wa lemon kwalba, wanda a Yamai muke ce wa sukireri. A ganinsa, kuma a ganina ni ma, wannan shi ne ruwa mafi tsabta a duniya, an tace, an rufe da marfi, ba hannun da ya taɓa. Akwati guda yake ajewa a bayan kujerarsa. Ban da wannan, duk garin da ya shiga da hatsi sai an karrama shi. Mutanen da ba su da abin da za su sa a bakin salati sai sun nemo kwalba ɗaya, ko da ta yi zafi kamar shayi, su buɗe a gabansa. Wa zai dubi idon mai gari ya ce ba ya sha? Yana sha ƙishirwa na ƙaruwa, ƙishirwa na ƙaruwa yana ƙara sha. A unguwa kuma mata suka fara tausayinsa. Wannan ta aiko da kwalba, waccan ta aiko da kunun zaƙi, wata tsohuwa har ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah in riƙa ba mijina abinci. Na haɗiye maganar, amma ta tsaya mini a wuya kwana biyu.

Wadda ta fara gane abin maƙwabciyarmu ce Bibata, Bazabarma, mai sayar da lemu-hari, wato ruwan citta da lemun tsami. Katanga ɗaya ta raba mu, gajera, ta kanta muke miƙa wa juna wuta da gishiri da gulma. Wata rana ina share makewayi na ga kiyashi sun yi baƙi ƙirin a daidai inda babanku ke kama ruwa. Na watsa toka, washegari suka dawo. Na kira Bibata ta leƙo, ta duba da kyau. Sannan ta ce haka aka gani a gidan kawunta kafin ƙafarsa ta ruɓe, ciwon sukari ne. Da na gaya wa babanku sai ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Ciwon sukari na Alhazai na, masu tumbi da kujera. Ni dube ni, ina tumbin? Ki ce ma Bibata ta ji da cittarta."

Ni da Bibata muka haɗa kai muka ce to, tun da sukari ne matsalar, mu raba shi da sukari ba tare da ya sani ba. A nan muka yi wautar da har yau in na tuna nake dariya. A shekarar sukari ya yi wuyar samu, masu sayar da abin sha duk sun koma wa wasu 'yan ƙwayoyi farare da ake ƙullawa a leda a kasuwa, ana ce musu sakarin. Ƙwaya kaɗan ta zaƙaƙa bokiti guda. Bibata ta rantse mini wannan ba sukari ba ne, saboda haka magani ne. Muka dama lemu-hari cike da jarka, da yake muna son ya manta da kwalba sai muka zuba ƙwayoyin da hannu sake. Na ba shi ya tafi Dogondutsi da ita, na ce guzuri ne na musamman. Bayan kwana uku ya dawo, jarka fayau, na yi murna. Na tambaye shi yaya guzuri. Ya ce zaƙi kam akwai, har ya yi yawa, amma yana barin wani ɗaci a harshe kamar ka tsotsi mabuɗi, kuma ya murɗa masa ciki ya yi ta tsayawa a daji. Na ce to ya ya yi da ɗacin? Ya ce ai da sauƙi, duk kofin da ya sha sai ya bi shi da kwalba ɗaya ya wanke baki. Ashe mun ninka masa abin ne. Da na gaya wa Bibata ta kan katanga, zama ta yi a ƙasa tana dariya har da hawaye, ni ma na taya ta.

Dariya ta ƙare ranar da abin ya kai ga ido. Da farko sai ya riƙa tambayata hayaƙin me ke tashi a tsakar gida, alhali ko wuta ban hura ba. Sannan wata safiya, rana tsaka a sama, ya zo juya Gimbiya a bakin lambun mijin Bibata, ya bi ta kan shinge ya murƙushe salati da kabeji kusan rabin fage. Ya sauko yana faɗa wai jaki ne ya gitta masa. Duk wanda ke wurin ya san ba jaki, jakunan unguwar ma yunwa ta hana su gitta wa kowa. Mijin Bibata mutumin kirki ne, ya ce ba komai, salati ne, zai sake tohowa. Da muka shiga ɗaki na tsare babanku na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah ko ya ga shingen nan. Sai ya ce:

"Wani lokaci ina gani, wani lokaci kamar an shafa mai a gilashi. Amma Rabi, maganar ga ta tsaya nan. In suka ji, sun karɓe mota. Shofer da ba ya gani, mi ya rage mai?"

Na ce mu je gidan likita a ɓoye, ya ce likitan ma'aikata ɗaya ne, yau ka je gobe takarda na teburin Ajidan. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi fushi na ƙi magana, duk bai motsa ba. Ga shi kuma jibi an sa shi tafiya mai nisa, har gaba da Tawa, kuma a irin wannan tafiyar ba buhuna kaɗai yake ɗauka ba. Mutanen ƙauye masu komawa gida da iri sukan hau saman kaya, mata da goyo da tsofaffi. Na auna abin ta kowane gefe. In na yi shiru, wataƙila ya je ya dawo lafiya, wataƙila kuma a kawo mini labarinsa da na mutum talatin. In na yi magana, na tona asirin mijina a gaban maza, na raba shi da abin da ya fi so, kuma ban san ko aurena zai kai Sallah ba. Tsoro nake ji ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Ke Hadiza, kina da shekara bakwai lokacin, kina tara marafan kwalaben da kike tsincewa a cikin Gimbiya kina wasan 'yar kasuwa da su. Sun cika wani ɗan buhun gishiri. Washegari da hantsi, babanku ya tafi gareji, na ɗauke buhun nan kina kuka, na yafa mayafi na nufi ofishin. A zamanin nan mace ba ta shiga farfajiyar soja haka kawai, masu shiga galibi tsegumin satar hatsi suke kaiwa. Sojan bakin ƙofa ma da ya ji na ce ni matar shofer ce, maganar mijina ta kawo ni, sai ya wuce da ni kai tsaye yana murmushin mugunta. Ajidan na zaune bayan tebur. Na durƙusa na gaishe shi. Na faɗi sunan babanku sai na ga fuskarsa ta canza.

"Isuhu? Shi ma? Buhu nawa?"

"Ranka shi daɗe, ko ƙwaya bai taɓa ba."

"To mi ya kawo ki, Madam?"

Na miƙe tsaye. Sai kawai na kwance buhun na zazzage a kan teburinsa. Marafai suka watse, wasu suka gangara ƙarƙashin kujera, wani ya faɗa cikin hularsa da ke ajiye. Na ce wannan na wata biyu ne kawai, kuma wanda yarinya ta tsinta ne, ban da na hanya. Na ce ramar da ya yaba a gaban jama'a ba ta amana ba ce, ciwo ne ke cin mutumin, kuma idonsa ya fara tafiya, gobe kuma zai ɗauki mutane. Ajidan ya dubi marafan, ya dube ni, ya tambaya ko mijina ya san na zo. Na ce da ya sani da ya ɗaure ni a turken akuya. A nan na ga abin da direbobi suka ce babu, na ga haƙoran Ajidan. Ya yi dariya gajera, sannan ya murtuke ya ce in tafi gida, in tattara kayan wasan ɗiyata.

Kafin azahar soja biyu suka ɗauko babanku daga gareji. Shi duk zatonsa sharri aka yi masa na sata, yana ta rantse-rantse a mota, sai ya ga an tsaya a ƙofar gidan likita. Aka auna jini da fitsari. Lokotoron, wato likitan, wani dattijo mai farin gilashi, ya sa aka kira ni don ya ce mai dafa abinci ita ce rabin magani. Ya ce sukarin da ke jikin mutumin nan ya yi yawan da jiki ya kasa sarrafa shi, shi ya sa yake ci yana ramewa, yake sha yana ƙishirwa, kuma kowace kwalba ƙara wa wuta itace take. Da na ba shi labarin sakarin ina jiran yabo, sai ya cire gilashinsa ya dube ni. Ya ce wannan ba magani ba ne, kuma na ƙulli a kasuwa ba wanda ya san abin da aka haɗa a ciki ko yawan da ya kamata a sa. Ya ce ko mai kyan ma ba ya raba harshe da kwaɗayin zaƙi, sai dai ya riƙe shi a wurin, mai son lafiya ya koya wa bakinsa ruwa. In ana tsoron ruwan rijiya a tafasa shi, abin da ba wanda ya taɓa tunawa a cikinmu ke nan. Ya rubuta ƙwayoyi, ya hana kwalba, ya hana sukari a fura da shayi, ya rage tuwo, ya ce a yawaita ganye. Game da ido ya ce wataƙila ya washe in sukarin ya sauka, wataƙila kuma a'a, sai an jira. Tuƙi dai babu.

Ba a kore shi ba, Ajidan ya mai da shi kan ma'auni a bakin sito. Amma kullum yana zaune yana kallon wani ya hau Gimbiya ya ja ta, yana jin yadda ake cin zalin giyarta. Wannan ya ci masa rai fiye da ciwon, kuma ni na jawo masa, na sani. Da ya gane ni ce na je, bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, bai ce in tafi gidanmu ba. Daina yi mini magana kawai ya yi. Ke Hadiza kika zama masinja. Ina zaune kusa da shi har inuwarmu na haɗuwa, sai ya ce, Hadiza gaya ma uwarki gishiri ya yi yawa a zogalen ga. Ni kuma in ce, Hadiza gaya ma babanki lokotoro ya ce ya cinye duka. Har kika gaji kika fara ƙara naki a ciki, kina cewa wai Baba ya ce a saya miki ƙuli-ƙuli. Goggonku Mariyama kuwa, yayarsa, da labari ya kai mata Tawa, kaset ta aiko da shi ta hannun wani direba, gaba da baya duk faɗa ne, ta ce na tsiraita ɗan'uwanta a gaban duniya. Na saurare shi tsaf sau ɗaya, daga baya Bibata ta ara ta ɗauki waƙar biki a kai. A unguwa ma an yi ta magana, waɗanda suka ce ba na ba shi abinci su ne suka koma cewa na fi ƙarfinsa. Ina dariya da rana a gaban mutane, amma abin na damuna, don ban saba da gida ba muryarsa a kaina ba. Kullum da safe nakan tafasa ruwa in zuba a randa ya huce, in cika masa gora, ya ɗauka ba tare da ya dube ni ba. Watanni muka yi a haka.

Damina ta sauka, aka samu sauƙi, jikinsa ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ranar Babbar Sallah da la'asar abokansa direbobi su biyar suka zo gaisuwa, kuma don su nuna ba su manta da shi ba suka shigo da akwatin sukireri guda, mai sanyi, har yana zufa. Ina bakin murhu ina suyar nama na ji ƙarar buɗe kwalba. Babbansu Hamidu ya miƙa masa ya ce yau Sallah ce, ɗaya ba ta kisa, kuma Madam ba ta gani. Ban motsa ba. Na riga na yi nawa, ba zan sake kunyata shi a gaban baƙi ba ko da zai shanye akwatin. Na ci gaba da suyata. Sannan na ji muryarsa, da ƙarfi yadda har Bibata za ta ji ta bayan katanga.

"Ku sha abinku, na gode. Ni ciwon sukari gare ni, abin ga ya kusa makanta ni. Kai ma Hamidu, yadda kake kwankwaɗa tai, ka tahi a auna ka."

Wannan ne karo na farko da ya faɗi sunan ciwon da bakinsa. Hayaƙin murhu ya ba ni uzurin share ido.

Da baƙi suka tafi ina tsugune ina kwashe kwanuka, kallabina ya zame baya, shi yana zaune can bakin ƙofar ɗaki, tsakaninmu ya kai taku goma. Ke Hadiza kina gefensa kina jiran a ba ki saƙo. Sai na ji ya ce, ba da ke ba, da ni:

"Rabi. Yaushe kika yi hurhura?"

Na ɗago. Silin gashi ne bai fi uku ba a gefen kunnena, ni kaina sai na matsa kusa da madubi nake ganin su.

"Daga nan kake hangen ta?"

"Ga ta nan, hwara tas. Uku."

Na ce ranar da na shiga wurin Ajidan ta fito, dukansu ukun. Ya yi dariya, irin wadda na yi watanni ban ji ba, ya ce to a bar su nan, kada in kuskura in cire ko ɗaya.